Wayar Kolo

Gurar kamun kifi ta huɗu ma wayam Buba ya ɗago ta, ko ɗan karfasa babu. An kwance bakinta, an juye kifin, an mayar da ita wurinta tsaf, kamar ɓarawon yana jin kunyar mai kaya.

Tun da ruwa ya fara janyewa ake yi wa masuntan Baturiya wannan ɗauki ɗaiɗai. Kowa yana ɓoye inda yake dasa gurarsa, ko matarsa ba ya gaya wa, amma duk lungun da mutum ya sake sai an bi shi. Mutum ɗaya ne kifinsa bai taɓa yin ciwon kai ba: Kolo, abokin Buba tun suna yara.

Ga kuma wayar nan tasa. Ɗansa ne ya aiko masa daga birni, irin mai tsadar nan da ba ta shiga sabgar kowa. Wayoyin sauran masunta kamar zauren mai unguwa suke, kowa ya zo bismilla. A tura wa'azi, a tura waƙa. Ranar da Ja'afar dillalin kifi ya kawo manhajar duba farashin kasuwar Haɗeja, kyauta, da hannunsa ya bi kowa ya sa masa. Wayar Kolo kaɗai ta ce atafau.

"Ba ta karɓar abin da bai fito daga shagon kamfaninta ba," in ji Kolo.

Buba ya ce a ransa, to me ake ɓoyewa a ciki da har aka garƙame ta haka? Abin ya yi masa ciwo, don yana ƙaunar Kolo. Duk da haka ya kai ƙararsa. Sarkin ruwa ya ce a kawo shaida, shi kuma zai raba Kolo da kogin har abada.

Sai Buba ya shiga laɓe cikin ciyawar kacalla kusa da gurarsa. In yana nan, tsuntsu kaɗai ke giftawa. Ya juya baya, a kwashe. Ya ce lallai, wanda ya san takunsa haka ai sai aboki.

Ranar kasuwar Kirikasamma wayar Buba ta mutu. Ya bar ta a rumfar caji, ya koma maɓoyarsa haka nan, sauro na shagali a wuyansa.

Da hantsi sai ga kwalekwale ya kutso, mutum biyu a ciki, na gaba ya ja rawani har hanci. Buba ya damƙe sandarsa, idonsa ya cika da ƙwalla, sunan Kolo na bakinsa.

Mai tuƙi ya yi raɗa: "Mu yi sauri, kada mai ita ya zo."

Na gaban ya sauke rawanin, ya duba wayarsa, ya yi dariyar nan da yake yi in an sallama masa kwando da arha.

"Kwantar da hankalinka," in ji Ja'afar. "Ga Buba nan, manhajata ta nuna shi a rumfar caji, tun safe ko motsi bai yi ba."