Manhajar da Ba Ta Iya Shara

"Babu sunan Innarki cikin masu samun taki, Hamida," in ji Malam Namadi, sakataren ƙungiyar manoman Adabka. "Manhajata ta kuɗi ce, ta bincika tsaf."

"A ba ni fayil ɗin sunayen, Malam, in gwada tawa."

Ya yi dariya. "Ta kyautar nan? Ko shara ba ta iya ba."

Na ƙi tashi sai da ya ba ni. Na juya fayil ɗin da manhajata, na buga a takarda, na miƙa wa shugaban ƙungiya.

Gaskiyar Malam ce. Ta kuɗi takan kwashe abin da aka soke, ta kyauta kuwa takan bar shi. Ga sunan Inna da na mata tara, an ja musu layi. A gefe, ga sunan wanda ya ja: Namadi.