Kwamfuta Biyu, Lamba Ɗaya

"Ya sake maƙalewa!" na ce, na daki tebur. Bidiyon bikin da zan miƙa wa amarya gobe ya tsaya tsakanin kwamfutata da ma'ajiyar hotuna, yana tafiyar hawainiya.

Ƙanena Choolwe ya ture kwanon nshima, tuwonmu na masara, ya jawo kujera. Ya canza waya, ya kashe akwatin intanet ya kunna. Duk a banza.

"Yaya Mutinta, na'urori biyu ne ke kokawa a kan lambar shiga intanet ɗaya. Saƙo ya taso, su yi karo, ya koma. Wace lamba kika ba sabuwar kwamfutar nan?"

"Ta Bwalya mana. Mutumin da ke can garin Solwezi yana haƙar tagulla, me zai yi da ita?"

Tun farkon damina mijina Bwalya ya tafi da kwamfutarsa. Kullum sai ya kira yana kukan kewa.

"To, wani ɓarawon zaune ne ya shigo muku," in ji Choolwe yana dariya. "Bari mu ga sunansa."

Dariyar ta ɗauke.

"Yaya, intanet ɗin nan har ina yake kaiwa?"

"Ko tsakar gida ba ya kaiwa. Sai dai ɗakin Namakau, tunda bango ɗaya ya raba mu."

Namakau ce aminiyata, mai shigowa kullum tana ba ni haƙurin zaman kaɗaici.

Choolwe ya juyo mini da fuskar kwamfutar. Sunan mijina ne ɓaro-ɓaro a kan ɗaya na'urar.

Na danna lambar wayarsa. Ta bayan bango, wayar ta fara ƙara.