Ƙafa Irin ta Marigayiya

Ta fito daga ɗakin likitan ƙashi tana ɗingishi, hoton ƙafarta a hannu. Barandar asibitin tsit, ba kowa sai mijin yayarta marigayiya da ya kawo ta, yana zaune da leda a cinya.

"Me ya ce?" ya tambaye ta.

"Ya ce babban yatsan ya karkace sosai, Yaya, shi ya sa ƙullutun gefen ke ta girma. Wai gado ne. Takalmi mai faɗi ya daina taimako, sai an yi aiki an miƙe ƙashin."

Ya karɓi hoton ya ɗaga saitin taga, ya daɗe yana shafa shi da yatsa. Sannan ya buɗe ledar. Baƙaƙen takalman yayarta ne, fatar ta kumbura daidai wurin ƙullutu. Ya durƙusa ya zura mata. Suka zauna mata cif, cikinsu da ɗumi kamar yanzu aka cire su.

"Ki aure ni," ya ce, kansa a sunkuye. "Amma kar ki bari a taɓa ƙafar nan. In kina tafiya, takunta nake ji."

Ta jima tana sonsa a ɓoye, amma sai ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ta jira ya dubi fuskarta ko sau ɗaya. Bai ɗago ba.

Ta zare ƙafafunta a hankali, ta koma ba takalmi ta tura ƙofar likita.

"Likita, a sa min ranar aikin."