Tabaran Malam Gambo

Tun da aka raba wa kowane shago tulun ƙarfe mai koren garin sinadarin banadiyam fuloraid don ajiye wutar lantarki, doka biyu ce: kada danshi ya kusance shi, kuma a rataye madubi a gefensa. In garin ya sha ruwa, tururinsa kan ci gilashi kafin ya ci huhu.

Da hantsi Tabawa mai duba tuluna ta shiga shagon Malam Gambo tela. Ƙasa a share tas, madubi sai walƙiya yake.

"Baba, har yanzu kana yayyafa ruwa kafin shara?"

"Haba 'yata! Dubi madubin mana."

Ta duba. Sabo ne fil. Da ta juyo, sai ta ga dattijon yana laluben kafar allura, yana ta goge tabarau da bakin riga, hazon da ke kan gilashin ya ƙi fita.

Ta sa safar hannu, ta ɗaure bakin tulun tamau, ta rungume shi.

"Ka canza madubi, Baba, ka manta da tabarau. Taso mu je asibiti, ɗinkin ya jira."