Kakin Wata na Biyar

Tun kafin a buɗe ɗakin gwaji matar kuku take zaune a benci, goye da jaririya, ta damƙe 'yar robar kaki kamar za a ƙwace mata.

Wata biyar ke nan mijinta yana shan maganin tarin fuka. Makarantar kwanan da yake dafa wa abinci ta gaji da jira: ko ya kawo takardar cewa kakinsa ya fita tas ranar Litinin, ko a ɗauki wani, su kuma kwashe komatsansu daga ɗakin da aka ba su. Ina za su nufa da yara huɗu? Ga shi har yau yakan ɗan yi tari da safe, kowane tari kuwa a ƙirjinta yake sauka. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Baiwar Allah ta rame, har zani ya daina zama a ƙugunta.

Mai gwaji ya karɓi robar, ya rubuta lambar mijin a jiki. Ta taga take leƙensa. Ya shafa kakin a gilashi, ya ɗan gasa, ya zuba jan rini, ya wanke, ya bi da shuɗi. Idan magani ya ci, shuɗin kaɗai zai gani a madubin duba ƙwayoyin cuta. Ta yi gyaran murya, ta share zufa da bakin mayafi.

Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya fito, fuskarsa ba annuri.

"Ki gaya min tsakani da Allah, maigidanki yana shan maganin nan kuwa?"

"Wallahi da hannuna nake ba shi."

"To, abin da ɗaure kai. A gwajinsa na wata biyu ban ga komai ba. Yau kuwa jajayen ƙwayoyin cuta sun cika gilashi maƙil, sai ka ce wanda bai taɓa haɗiyar magani ba. Duk mai kwana ɗaki ɗaya da mai wannan kaki yana cikin haɗari, balle jariri."

Ta koma kan benci ta zauna. Jaririyar ta farka tana kukan nono, ita kuwa ta kasa kwance goyon.

Kakin mijin tun da safe ta zubar da shi a kwata. Nata ta tofa a robar, don ta tabbata na mai lafiya ta kawo.