Bayan Kabad

Ƙusa ta ƙarshe ta shige, Kafinta ya ja da baya yana kallon aikinsa. Kabad ne daga ƙasa har rufi, a kafe jikin bangon falo, sai ƙyalli yake. A duk shekarunsa na sana'a bai taɓa yi wa wani aiki mai kyan wannan ba, kuma ba don ajiye kaya ya yi shi ba. A bayansa akwai tsaga a bangon, wadda hannun mutum zai shige.

Tun daminar bara ƙasa ta fara lotsawa a ƙarƙashin gidan. Maginin da ya kira a ɓoye ya tona gindin bango, ya girgiza kai, ya ce gyara wahalar banza ce, gidan nan kwanansa ya ƙare. Kafinta bai gaya wa kowa ba. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aikin jinya a wani gari mai nisa, shi kuwa ba mutumin da zai kai wa 'yar cikinsa kuka ba ne. Da ta kira waya, cewa kawai ya yi abubuwa sun yi tsauri, zai sayar da gidan.

Dillalin farko tsoho ne, ana ce masa Mai-sanda. Ya zaga gidan yana ƙwanƙwasa bango, ya gwada ƙofar falo da ta daina rufuwa, sannan ya tsaya gaban kabad.

"Malam, katakon nan ya fi falon tsada. Me yake rufewa?"

Kafinta ya haɗe rai. Tsohon ya ce zai sayar masa, amma a matsayin fili, kuma duk wanda ya kawo sai ya san gaskiya. Ko ruwa ba a ba shi ba aka nuna masa hanya.

Na biyun ne ya kwanta masa a rai. Zuma ake kiransa, saboda bakinsa. Ya shigo da ƙamshin turare da wayoyi biyu, ya shafa kabad, ya leƙa gefensa, ya yi wata 'yar dariya.

"Baba, ni idona abin da aka nuna masa yake gani."

Ranar Kafinta ya yi barci har da minshari. Da 'yarsa ta tambaya ko dillalin mai amana ne, cika baki ya yi, har da karanto mata lambarsa don hankalinta ya kwanta.

Ba a daɗe ba Zuma ya dawo baki har kunne. An samu mai saye, ba ya ma neman ragi, kuma ba zai zo dubawa ba. Sharaɗinsa biyu: kada a taɓa bishiyar lemon da ke tsakar gida, sannan mai gidan ya faɗa da bakinsa cewa ginin lafiya yake. Zuma ya kunna ɗaukar murya a wayarsa ya kara masa a baki.

Kafinta ya tuna yadda rufin falo ke ƙara idan an yi iska.

"Na rantse da Allah, gidan nan ba shi da aibi," in ji shi. "Wanda ya saya, jikokinsa ma sai sun zauna a ciki."

Ran sa hannu lauya ne ya zo a madadin mai saye. Zuma na buɗe shafi yana nuna wuri da yatsa, Kafinta na rattabawa. Bai duba sunan ba, kuma da gangan ya ƙi dubawa, don ya fi sauƙi ka cuci mutumin da ba ka san sunansa ba. A ransa cewa yake, duk mai kuɗin da zai sayi gida bai gani ba, wawa ne, kuma shi ya jiyo.

Kuɗin ba su kwana biyu a hannunsa ba. Zuma ya samo masa ciki da falo a bakin gari ya saya da su, dillalin ya sake yankar la'adarsa a can. Kafinta bai ji zafi ba. Gani yake ya dace da dillali.

Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya masa. 'Yarsa ta ce ta fasa zuwa ƙaro karatun da take tari dominsa tun ranar da ta fara aiki. Ya tambayi dalili, ta ce wata hidima ce ta taso. Muryarta a gajiye take, amma akwai fara'a a ciki.

Ranar tashi, 'yan dako na cikin loda kaya sai ga ta ta sauko daga motar haya da 'yar jakarta. Ya tambaye ta ina motarta, ta yi kamar ba ta ji ba. Ta tsinki ganyen lemon da mahaifiyarta ta dasa, ta shaƙa, ta ja hannunsa zuwa falo. Babu komai a ciki sai kabad. Ta jingina da shi, ta ciro makullai ta damƙa masa, idonta fal hawaye.

"Ka ce su sauke kayan, Baba, babu inda za ka. Ni na saya maka. Lauya ya so a kawo magini ya duba, na ce ba sai an duba ba, ai na ji muryar babana yana rantsuwa."