Sai Maigida Ya Dawo

Auta ta tura takardar ceki gaban mahaifinta, ta cire wa biro murfi, ta saka masa a hannu. Baba ya dubi takardar, ya dubi biron, ya mayar da murfin a hankali ya ajiye.

"Kuɗin ba nawa ba ne," in ji shi. "Sai Maigida ya dawo."

Karo na huɗu ke nan tun safe. Can asibiti kuwa Mama na kwance, jijiyar zuciyarta ta toshe, likita ya ce in ba a yi aiki kafin jibi ba, kada a ga laifinsa. Asibitin kuma ba ya ɗaukar wuƙa sai ya ga kuɗi a ƙasa. Auta da yayyenta biyu sun karkaɗe aljihu, ta sayar da motarta, abin da aka haɗa bai kai rabi ba. Ga kuɗi jibge a asusun kamfanin kayan ginin nan, amma banki ya ce sa hannun mutum ɗaya ya sani, na wannan tsohon da ke zaune a ƙaramin tebur bakin ƙofar sito, cikin kwat ɗin da ya sha faci a gwiwar hannu.

Shekara arba'in yana kan wannan teburin. Akwai babban ofis a sama, da kujera mai juyawa da labule mai nauyi, kullum ana share shi, ba mai zama. Baba ya ce na Maigida ne.

Shi dai wannan Maigida, tun Auta na rarrafe take jin labarinsa a gidansu, ba ta taɓa sa shi a ido ba. Ya yi tafiya mai nisa, ya bar amana, ya ce zai dawo, bai faɗi rana ba. In ta nemi sabon takalmi, sai a ce na ƙafarta bai mutu ba tukuna, dukiyar Maigida ba ta wasa ba ce. Amma bari wata gwauruwa ta zo da kuka, ko rufin majami'a ya fara yoyo, sai ka ga Baba ya zaro biro jiki na rawa, wai Maigida ya ce a bayar. Tana yarinya kishin mutumin take yi. Yau kuwa haushinsa take ji, tana kuma jin kunyar haushin.

Tun ciwon da ya kwantar da Baba bara, bayarwar ta tsaya cak, sai tsaron. Makullai na rataye a ƙugunsa, ko buhun siminti ɗaya ba ya fita sai ya raka shi da ido har bakin titi.

Ba inda Auta ba ta buga ba. Lauya ya ce akwai hanya ta kotu, amma a ba shi wata biyu, kamar ciwon zuciya ya san kalanda. Akantan kamfanin ya rage murya ya ce ya fi Baba iya sa hannun Baba. Ta kusa yarda, Allah ya gani, sai ta tuna banki na kiran tsohon a waya kafin su saki babban kuɗi. Dabara ta ƙare, ta aika aka ɗauko Fasto.

Fasto ya jawo kujera ya zauna, gwiwarsa na taɓa ta Baba.

"Baba, na san Maigidan nan, na san halinsa. Ba zai yi fushi ba. Rai za a ceta."

"Ka ji daga bakinsa?"

Fasto ya girgiza kai.

"To ka gani. Ba kai kake koya mana riƙon amana ba? In ya shigo yanzu ya tambaye ni kayansa, in ce masa me? In ce na ɗiba na yi hidimar gidana?"

Auta ta zube a kan simintin ƙasa, ta kama ƙafafunsa. Ba ta damu da leburorin da suka tsaya cirko-cirko da rodi a kafaɗa ba.

"Baba, Mama ce fa. Matarka ce za ta mutu."

Idanun tsohon suka cika da ƙwalla. Ya dafa kanta.

"Allah sarki. Ba ta da lafiya ne? Tun yaushe? Me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

Ya laluba aljihun kwat, ya fito da 'yan tsofaffin takardun kuɗi a naɗe, waɗanda ko kuɗin mota zuwa asibitin ba za su kai ba. Ya danƙa mata, ya rufe hannunta da nasa biyu.

"Wannan nawa ne, daga albashina. Je ki saya mata magani, 'yata."

Ta karɓa, don ba ta da zuciyar ƙi. Ta fito harabar sito, ta jingina da tulin kwanon rufi, rana na dukanta ba ta ji. Ba ta taɓa sanin mutum zai iya rasa wanda zai yi fushi da shi ba sai yau.

Wani direban babbar mota da ya kawo kaya daga nesa, baƙo ne a wurin, ya ji komai ta taga. Ya matso yana huci, waya a hannu.

"Baiwar Allah, wane irin maigida ne wannan, ya bar tsoho da tsoro haka? Ba ni lambarsa, ni zan gaya masa gaskiya."

Auta ta dube shi, ta share fuska da bayan hannu.

"Ba shi da lamba. Kamfanin nan na Baba ne tun daga harsashi har ƙusar ƙarshe, ba wanda ya taɓa ɗaukarsa aiki. Ciwo ya goge masa komai, ya bar masa abu ɗaya. Dawowar Yesu yake jira."